Lokacin Haihuwa da Hutun Jego a Farkon Aikin Lauya: Nazari Daga Ƙofar Guga, Birnin Katsina

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan mata da aikin shari'a, a birnin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin wata matsala da ke ci wa matasan lauyoyi mata tuwo a ƙwarya, wato lokacin da ya dace da ɗaukar ciki a farkon aiki da yadda za a yi da hutun haihuwa. An bi matakan zama lauya a Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, an gwada su da shekarun aure da haihuwa a birnin Katsina, sannan an duba tanadin Dokar Ƙwadago da ƙa'idojin aikin gwamnati da wasu hukunce-hukuncen kotu. An gano cewa lauyar da ke aiki a ofishin lauyoyi mai zaman kansa ta faɗa cikin giɓin doka, domin Dokar Ƙwadago ba ta ƙirga da ita ba, ƙa'idojin aikin gwamnati kuma ba su shafe ta ba. Matsayin maƙalar shi ne jinkirta haihuwa ba zai cike wannan giɓi ba. Abin da zai cike shi shi ne rubutacciyar yarjejeniya, da tsarin riƙe shari'o'in mai jego, da asusun tallafi, da sassauci daga kotu.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1967 aka rantsar da Aloma Mariam Mukhtar a matsayin lauya a Nijeriya, ita ce mace ta farko daga Arewa da ta kai wannan matsayi. Ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano a 1977, ta shiga Kotun Ƙoli a 2005, ta kuma riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Ƙasar Katsina kuwa ta daɗe da suna a fagen shari'a, ita ta haifi Mai Shari'a Mohammed Bello, wanda ya yi Alƙalin Alƙalai daga 1987 zuwa 1995, da Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina. A 2023 aka naɗa mace, Barista Fadila Muhammad Dikko, Kwamishiniyar Shari'a ta jihar. Ga kuma Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana yaye ɗalibai mata tare da maza.

Ke nan an wuce zancen ko 'ya mace za ta iya aikin lauya. Abin dubawa yanzu shi ne ko za ta iya ɗorewa a cikinsa, musamman a shekaru goman farko, waɗanda su ne shekarun koyon aiki, su ne kuma shekarun aure da goyo. A tsakanin matasan lauyoyi mata, maganar takan zo da sigar neman shawara: in haihu kafin Makarantar Horon Lauyoyi ko bayanta? In bari sai na kama ƙasa a ofis? In gaya wa mai ofis yanzu ko sai cikin ya fito? Waɗannan tambayoyi duk sun ɗora nauyin a wuyan mace ita kaɗai. Maƙalar za ta nuna cewa kaso mafi girma na nauyin yana wuyan tsarin aikin ne.

2.0 Hanyar Nazari da Iyakarsa

An dogara ne a kan karanta nassin dokoki da hukunce-hukuncen kotu, da kuma sanannun al'adun haihuwa na cikin birnin Katsina. An zaɓi Ƙofar Guga ne domin tsohuwar unguwa ce ta cikin birni, inda gidajen gado da zaman dangi ke da ƙarfi har yau, al'adar jego kuma ba ta gushe ba. Misalin lauyar da za a kawo a gaba misali ne na bayani, ba labarin wata mace takamaimai ba.

3.0 Shekarun Horo da Shekarun Haihuwa

Karatun digirin shari'a shekara 5 ne. Bayansa akwai shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, reshenta mafi kusa da Katsina kuma shi ne na Bagauda a jihar Kano. Daga nan sai shekarar hidimar ƙasa. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18 za ta gama duk waɗannan tana da 25, in komai ya tafi daidai. Sau da yawa kuwa ba ya tafiya daidai, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Saboda haka shekaru goman farko na aikinta za su faɗo ne tsakanin shekara 25 da 36 na rayuwarta.

A ɗaya ɓangaren, binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Katsina ya kai 7.3, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Mai digiri ba kasafai take kai wannan adadi ba, amma tana zaune ne a cikin al'ummar da ke sa ran ganin ciki a shekarar farko ta aure. Likitoci kuma sun tabbatar da cewa samun ciki yana ƙara wuya, haɗarinsa yana ƙaruwa, bayan shekara 35. Mai ba da shawarar a jira sai an kafu a aiki ya kamata ya san abin da yake nema a jira.

In aka auna matakan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sauƙinsa da wahalarsa. A jami'a akwai hutun zango, gida kuma yana kusa ga mai karatu a Katsina, sai dai jarrabawa ba ta jiran naƙuda. Makarantar Horon Lauyoyi ita ce mafi tsauri: ana zama a makaranta, ana ƙirga halartar aji, wanda bai cika kashi 75 cikin 100 ba ba ya zama jarrabawar ƙarshe, ga zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, ga liyafar cin abinci sau uku da ta zama wajibi. Shekarar hidimar ƙasa ta fi kowanne sauƙi ga matar aure, domin hukumar NYSC tana ba ta damar neman a tura ta jihar da mijinta yake, ba a barin mai ciki ko mai shayarwa ta zauna a sansani, akwai kuma hutun haihuwa na mako 12. Sai dai shekara ɗaya ce tak, haihuwa kuma ba ta da alƙawari. Ana iya tsara iyali, amma ba a ƙayyade wa ciki wata. Mafi yawan haihuwar lauya za ta faɗo ne bayan ta fara aiki, can kuma ne doka ta fi rauni.

4.0 Tanadin Doka

4.1 Dokar Ƙwadago

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki mako 6 bayan haihuwa. In ta yi wata 6 ko fiye tana aikin, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. An kuma hana mai aiki ya sallame ta tana cikin wannan hutu.

Matsalar tana sashe na 91, inda aka bayyana wanda dokar ke nufi da ma'aikaci. A nan aka cire masu aikin gudanarwa da na zartarwa da na fasaha da na ƙwararru. Lauya ƙwararriya ce, don haka sashe na 54 bai rufe ta ba. Mai sharar ofishin lauyoyi tana da hujjar da za ta kafa daga wannan doka, lauyar da ke rubuta ƙara a ofishin ba ta da ita. Haƙƙinta ya koma kan yarjejeniyar da ta ƙulla da mai ofis. A ƙananan ofisoshi kuwa, inda mai ofis ɗaya ne da ƙananan lauyoyi biyu ko uku, yarjejeniyar takan kasance ta baki ce, abin da ake ba ƙaramin lauya kuma ya fi kama da kuɗin mota da na shiga kotu fiye da albashi. Wadda ba ta shiga kotu ba, ba ta da abin karɓa.

4.2 Aikin Gwamnati

Lauyar gwamnati ta fi samun kariya. Ƙa'idojin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun tanadi hutun mako 16 da cikakken albashi, da sassaucin awa 2 a kullum ga mai shayarwa. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji in matarsa ta haihu. Jihar Legas ta kai hutun haihuwa wata 6 a 2014, jihar Kaduna ta bi sahu a 2019. Lauyar Ma'aikatar Shari'a ko majistare tana ƙarƙashin rubutattun ƙa'idoji, albashinta bai dogara da yawan shigarta kotu ba, fayilolin da ke hannunta kuma na ma'aikata ne, wani zai ci gaba da su.

Wannan bambanci ne ke jan mata zuwa aikin gwamnati da koyarwa da sashen shari'a na kamfanoni. Ba laifi ba ne, ayyuka ne masu daraja. Amma sakamakonsa shi ne ƙarancin mata a cikin masu zaman kansu da ke tsayawa gaban alƙali. Matar da ke neman saki ko rabon gado ko riƙon 'ya'ya, wadda ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta mace abin da ke tsakaninta da miji, ita ce ke asara in lauyoyi mata suka ƙaurace wa wannan fage.

4.3 Hukunce-hukuncen Kotu

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wariya saboda jinsi. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulkin a 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duba rashin adalci a wurin aiki da yin amfani da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A 2012, a shari'ar Folarin Oreka Maiya, kotun ta yanke cewa korar ma'aikaciya saboda ta sanar da cikinta wariya ce da tauye mutunci. A Janairun 2023, reshen kotun na Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda a shari'ar Omolola Olajide, wadda aka kora saboda ta yi ciki ba aure, ya kuma ba ta diyyar naira miliyan 5. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara tabbatar da rashin halaccin wannan ƙa'ida a ƙarar da Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, NBA, ta shigar.

Waɗannan hukunce-hukunce kariya ce daga kora, amma ba su ƙayyade tsawon hutu ko yawan kuɗi ga ƙwararru ba. Bayan haka, a gari irin Katsina inda lauyoyi duk sun san juna, da wuya ƙaramar lauya ta kai mai ofishinta ƙara ta kuma sami wani ofis ya ɗauke ta. Ya dace ƙungiyar da ta tsaya wa 'yan sanda mata ta waiwayi ofisoshin 'ya'yanta.

5.0 Jego a Gida, Shari'a a Kotu

Mu ɗauki lauya 'yar Ƙofar Guga, shekararta biyu da rantsuwa, ga cikin fari. Bisa al'ada, in cikin ya tsufa za ta koma gidan iyayenta goyon ciki. In ta sauka lafiya, sai wankan jego safe da yamma da ruwan zafi da ganyen bedi, sai kunun kanwa da gasasshen nama, sai suna ranar bakwai. Ba ta girki, ba ta wanki, akwai tsohuwar da ke kula da ita da jaririn, har ta yi arba'in. Kwana 40 na al'ada da mako 6 na Dokar Ƙwadago, wato kwana 42, kusan abu ɗaya ne. A wannan zango al'ada ta yi wa mai jego kyakkyawan tanadi, domin ba a barin ta ita kaɗai da jariri.

Wahalar takan fara ne bayan arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Ita kuwa lauyar dole ta koma bakin aiki. Za ta shayar da yaro da sassafe, ta miƙa shi ga kakarsa, ta sa baƙi da fari, ta hau keke Napep da fayiloli a cinya, don kotu ƙarfe 9 take zama. A kotu doka ta ba Manyan Lauyoyin Nijeriya, wato masu muƙamin SAN, damar a kira shari'arsu kafin ta kowa, al'adar aikin kuma ita ce na gaba a rantsuwa ya riga na baya. Mai shekara biyu tana layin ƙarshe. Tana iya zama daga ƙarfe 9 har azahar, nono ya cika yana yi mata zogi, wayarta a kashe don ladabin kotu, in an kira shari'ar kuma a ɗage ta cikin minti biyar. Abin da take buƙata a wannan safiya ba hutu ba ne, a kira shari'arta da wuri ne kawai.

Su ma shari'o'in suna da wa'adin da bai san jego ba. Ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne, kan hukuncin wucin gadi kwana 14. Ƙarar zaɓe kwana 21 ake da shi na shigarwa, kwana 180 na yanke hukunci. Sashe na 396 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya taƙaita ɗage zama ga kowane ɓangare zuwa sau 5, tsakanin zama da zama kuma kada ya wuce kwanakin aiki 14. Wanda ke tsare a gidan yari ba za a ce ya jira lauyarsa ta yi arba'in ba. Dole wani ya riƙe fayil ɗin. Tambayar ita ce ko zai dawo hannunta in ta dawo.

6.0 Lissafin Shekaru da Lissafin Shari'o'i

Akwai lissafi iri biyu a aikin lauya, rashin bambanta su ne ke jawo tsoron haihuwa. Na farko shi ne shekarun rantsuwa. Tsarin Mulki ya shar'anta shekara 10 ga alƙalin Babbar Kotun jiha, 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga Kotun Ƙoli, kuma ana ƙirgawa ne daga lokacin da mutum ya cancanci yin aikin lauya. Hutun haihuwa ba ya rage ko kwana ɗaya daga wannan lissafi. Abin kiyayewa kawai shi ne biyan kuɗin aiki na shekara kafin 31 ga Maris da sabunta hatimi.

Na biyu shi ne abin da aka tara na aiki: shari'o'in da aka kai ƙarshe, da amincewar masu kawo ƙara, da sanayya a gaban alƙalai. Muƙamin SAN, wanda Folake Solanke ta zama mace ta farko da ta samu a 1981, bayan shekara 10 yana buƙatar a nuna hukunce-hukuncen shari'o'in da mai nema ya gudanar tun daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli. A nan ne mai jego ke asara, in aka raba fayilolinta aka ƙi mayar mata, ta dawo ta tarar an mayar da ita mai zuwa neman ɗage zama. Hutun wata 4 sau uku a cikin shekara 10 shekara ɗaya ce kacal. Ba ita ke karya lauya ba, komawa farko bayan kowace haihuwa ne ke karya ta.

7.0 Darasi Daga Maƙwabta da Ingila

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa mafi ƙarancin hutu mako 14, ta kuma fifita a biya mai jego daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali, don kada masu aiki su guji ɗaukar mata. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya bai kai kilomita 100 ba. A can dokar ƙwadagon Nijar ta ba ma'aikaciya mako 14, asusun inshorar jama'a na CNSS kuma yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Darasin shi ne a raba nauyin biya, domin ƙaramin ofis da ƙyar yake biyan haya, balle albashin wadda ba ta zuwa.

A Ingila, inda aka gado hula da baƙar rigar lauya, hukumar da ke kula da baristoci ta wajabta wa kowane ofis rubutacciyar ƙa'idar hutun haihuwa, da haƙƙin dawowa ko bayan shekara guda, da yafe kuɗin hayar da lauya ke biyan ofis na wata 6 inda ake biyan ƙayyadadden kuɗi. Hukumar sana'ar ce ta yi wannan, ba majalisar dokoki ba. A Nijeriya ma an ga makamancin haka, lokacin da aka hana Firdausi Amasa rantsuwa a Disambar 2017 saboda hijabi, sannan majalisar dattawan lauyoyi ta sake matsayi aka rantsar da ita a Yulin 2018.

8.0 Shawarwari

1. Reshen NBA na Katsina ya fitar da samfurin takardar ɗaukar ƙaramin lauya aiki, wadda za ta ƙunshi hutun haihuwa da bai gaza mako 14 ba, da abin da za a biya, da haƙƙin dawowa.

2. Kowane ofis ya rubuta sunan wanda zai riƙe kowane fayil na mai ciki tun watanni kafin haihuwa, da ranar mayar mata da shi, a kuma sanar da mai shari'ar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci su ba da umarnin a riƙa kiran shari'ar lauya mai tsohon ciki ko mai shayarwa da wuri in ta nema, a kuma ware ɗakin shayarwa a harabar kotu. Umarnin farko ba ya cin ko kwabo.

4. Reshen NBA da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su kafa asusun tallafin haihuwa daga wani kaso na kuɗin reshe da gudummawar 'ya'yan ƙungiya, a tafiyar da shi bisa tsarin adashe da kowa ya sani.

5. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara sashe na 91 na Dokar Ƙwadago domin sashe na 54 ya shafi ƙwararru.

6. Ita matashiyar lauya ta nemi sharaɗin hutu a rubuce ranar da aka ɗauke ta aiki, ta sanar da cikinta a rubuce a kan kari, ta ajiye kwafin duk hukuncin da ta yi aiki a kansa. Miji da dangi kuma su san cewa taimakonsu ya fi amfani daga arba'in zuwa wata shida.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna babu wani mataki a farkon aikin lauya da za a ce shi ne lokacin haihuwa marar wahala, jinkiri kuma yana da nasa haɗarin ga lafiya da zaman aure. Gidajen Ƙofar Guga da sauran unguwannin birni sun ɗauki nauyin kwana arba'in na farko. Abin da ya rage, wato albashi da fayil da wuri a layin kotu, yana hannun masu ofisoshi da ƙungiyar lauyoyi da shugabannin kotuna. Biyar daga cikin shawarwari shida na sama ba sa jiran sabuwar doka. Ina kira ga shugabannin reshen NBA na Katsina da su sa maganar samfurin yarjejeniya da asusun tallafi a cikin jadawalin taronsu na gaba.